YADDA AKE ƘAGA DABBAR TATSUNIYA TUN DAGA ƘWAI HAR TSUFA

Babu ɗan Bahaushen da bai san Dodo ba. Mun san shi da tsawo, da gashi buzu-buzu, da cin mutane. Amma tambayi yaro, kai ko babba ma, ka ce, "Shin yaya kamannin Dodo suke sa'ad da yake jinjiri? Me yake ci kafin haƙoransa su fito? Yana shekara nawa ya fara farautar mutane?" Sai ka ji an yi tsit. A cikin tatsuniyoyin da na ji a gida, da waɗanda na karanta a laburarenmu, da girmansa Dodo yake faɗowa cikin labari, da girmansa kuma yake fita. Akan ambaci matarsa, wani lokaci har da ɗansa, amma ba a gaya mana yadda ɗan yake rikiɗa ya zama uban.

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in nuna wa 'yan'uwana 'yan makaranta yadda mutum zai zauna ya ƙaga tasa dabbar tatsuniya, sabuwa ful, ya bi ta daki-daki tun tana ƙwai har ta tsufa ta mutu. Abin da na gano shi ne, dabbar ƙage ba ta shiga ran mai sauraro sai in girmanta yana bin wata ƙa'ida, kuma babu inda ya kai gonakinmu koya wa mutum wannan ƙa'ida.

Ga iyayenmu masu karanta wannan mujalla kuwa, ina so in share fage da cewa halitta ta Allah ce Shi kaɗai, ɗan Adam ko ƙuda ba ya iya halitta. Abin da muke yi ƙage ne irin na tatsuniya, wanda mai faɗi da mai ji duka sun san ba gaskiya ba ne. Shi ya sa ma mai tatsuniya kan jingina ƙaryarsa ga Gizo in ya zo rufewa.

BA MU MUKA FARA BA

Kakanninmu gwanaye ne wajen wannan aiki. Tsakanin 1911 da 1913 wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai 3, a farkon shekarun 1970 kuma Malam Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. Wanda duk ya bincika irin waɗannan tatsuniyoyi zai ga cewa da kayan gida aka harhaɗa dabbobin cikinsu. Alal misali, a littafin da Tremearne ya buga a 1913 akwai labarin Zankallala, wani ɗan mitsitsin abu da ya ga bayan Dodo. Maciji ne sandarsa, kunamu ne ƙaiminsa, taron ƙudan zuma ne hularsa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ɗan ƙauye bai sani ba, haɗa su wuri guda ne sabon abu. Haka kuma macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, wadda labarin Bayajidda ya ambata. Tana da wurin zama, watau rijiya, tana kuma da doka, watau ba a ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Wurin zaman nan da dokar nan su ne suka sa har gobe ba a manta da ita ba.

A wasu ƙasashe kuwa ƙaga dabbobi ya zama sana'a mai kawo dukiya. Da yawa daga cikin ƙannenmu sun san dabbobin Pokémon a talabijin da waya, amma ba su san asalinsu ba. Wanda ya ƙago su, Satoshi Tajiri, mutumin Japan ne, an haife shi a 1965. Yana yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari a gonaki da tafkunan garinsu kusa da Tokyo. Da gine-gine suka cinye gonakin, sai ya so ya mayar wa yaran birni daɗin da ya ji. Wasan ya fito a 1996 da dabbobi 151, yanzu sun haura 1,000, kuma yawancinsu rikiɗa suke yi daga mataki zuwa mataki kamar yadda ya ga ƙwari suna yi. To, in ƙwarin Japan sun isa su haifar da wannan, me zai hana namu? Abin takaici ne a ce ƙanena yana iya lissafa dabbobin ƙagen wata ƙasa guda 20, amma na ƙasarsu daga Dodo sai Gizo sai Ƙoƙi.

MALAMAI HUƊU DA KE GONA

Kafin mutum ya ɗauki alƙalami, ya kamata ya ɗauki karatu wurin malamai huɗu. Ba sa karɓar kuɗin makaranta, lura kawai suke so.

Malama ta ɗaya ita ce fara. Farar hamada takan binne ƙwanta cikin rairayi mai laima. Bayan kamar mako 2 sai ɗango ya fito, ba shi da fiffike, sai tsalle. Yana saɓa sau 5, wani lokaci 6, cikin kwana 30 zuwa 40, saɓar ƙarshe ce take ba shi fiffike. Wani abin mamaki kuma, in ɗango ya tashi shi kaɗai kore yake zama, mai kunya, mai gudun 'yan'uwansa. In kuwa ya tashi cikin cunkoso ana gogar juna, sai launinsa ya koma baƙi da rawaya, ya shiga runduna. Dā masana sun ɗauka iri biyu ne daban, sai a 1921 wani masani mutumin Rasha, Boris Uvarov, ya nuna cewa fara mai kaɗaici da fara mai runduna iri ɗaya ce. Irin wannan runduna ce ta auka wa gonakin Nijar da Mali da Muritaniya a 2004. Karatun fara ke nan: ƙwai ɗaya yana iya haifar da hali biyu, ya danganta ga yadda aka tashi.

Malami na biyu shi ne kwaɗo. Talibambam ba ya kama da ubansa ko kaɗan. Yana da wutsiya, ba shi da ƙafa, yana numfashi cikin ruwa kamar kifi, gansakuka yake ci. In ya fara girma ƙafafun baya su ke fara fitowa, sa'an nan na gaba, wutsiyar kuma jiki ya shanye ta. Ya sami huhu da tsalle, ya rasa wutsiya da numfashin kifi. Karatun kwaɗo: babu samu sai da rashi.

Malama ta uku ita ce gaiwa. In fadama ta fara ƙafewa, sai gaiwa ta nutsa cikin laka, ta naɗe, ta rufe kanta da yauƙin jikinta wanda yake bushewa ya zama mata kamar jaka. Nan za ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da naman jikinta, har ruwa ya sauka. Karatun gaiwa: jira ma wani mataki ne na rayuwa, kuma dole a sami abin da zai ta da mai barci.

Malama ta huɗu ita ce tsutsar tsamiya, wadda ake samun zaren nan mai daraja na aikin babbar riga daga gare ta. Tana cin ganye ba ji ba gani, sa'an nan ta shige gidan da ta saƙa, ta fito da fiffike. 'Yar'uwarta tsutsar siliki da ake kiwo a ƙasar Sin, in ta fito da fiffike ba ta ƙara cin komai, abin da ta tara tana tsutsa shi za ta rayu da shi na 'yan kwanaki, ta yi ƙwai ta mutu. Karatunta: abin da aka ci a ƙuruciya shi ake kashewa a girma.

ƘA'IDODI SHIDA

Daga karatun malaman nan na tsamo ƙa'idodi shida.

Ta ɗaya, samar wa dabbarka wurin zama na gaske. Nan ne mu mutanen arewacin Kano za mu yi tunani. Dodo ɗan ƙungurmin daji ne, mu kuwa ba mu da daji. Daga Minjibir zuwa Ɗambatta, daga Makoɗa zuwa Bichi, gona ce take bin gona, gida yana hangen gida. Tun a 1965 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokin aikinsa Wilson, suka rubuta yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da taimakon taki. Mai son ganin daji sosai sai ya nausa kudu zuwa Falgore. Saboda haka in ka ce dabbarka tana zaune a dokar daji bayan garinku, ƙanenka zai yi maka dariya, don ya san bayan garinku gonar kawunsa ce. Amma akwai 'yan wuraren da fartanya ba ta kai ba: kududdufi, da gambar iyakar gona, da burtali, da suri, da kogon kuka, da kan gawo. Nan bushiya da damo da gafiya suke fakewa, nan kuma ya kamata dabbar ƙage ta fake.

Ta biyu, ka san abincinta a kowane mataki. Abinci shi ke kai dabba inda take zuwa, shi ke haɗa ta da mutane, shi ke kawo rigima. Dabbar da ba ta jin yunwa ba ta da labari.

Ta uku, ɗaura girmanta a kan lokutan shekara. Muna da bazara, da damina, da kaka, da hunturu. Kowane mataki ya sami lokacinsa, kuma a sami dalilin da zai sa ta tashi daga wannan zuwa wancan.

Ta huɗu, ba ta alama ɗaya ko biyu da ba sa ɓacewa. Ko ta rikiɗa sau nawa, mai sauraro ya iya cewa, "Af, ai ita ce!" Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ta biyar, kowane mataki ya zo da samu da rashi. Kuskuren da na fi gani a zanen abokaina shi ne, mataki na ɗaya ƙaramin zaki, na biyu babban zaki, na uku ƙaton zaki mai ƙaho da fiffike da aman wuta. Wannan kumbura ce kawai. Dabbar da kullum ƙaruwa take yi, ba ta rasa komai, ba ta tsoron komai, ba wanda zai ji tausayinta, ba kuma wanda zai ƙosa ya ji ƙarshenta.

Ta shida, kowane mataki ya sami sunansa. Haka Hausa take yi tun asali. Muna da tsako da zakara, da maraƙi da bijimi, da karsana da saniya, da duƙushi da ingarma. Ko gero ma, daga tsiro ne sai kara, sai bununi, sai tumu, sai dami. Sunan kuma ya zama mai daɗin faɗi a bakin Bahaushe, wanda kaka za ta iya furtawa ba tare da ta ciji harshe ba.

MISALI: SHA-AMO

Yanzu ga tawa dabbar, don a ga ƙa'idodin nan suna aiki. Sunanta Sha-amo. Ba ta cin hatsi, ba ta cin nama, amo take ci, watau duk wani sauti da kunne yake ji. Alamominta biyu ne: kunnuwa biyu, da farin zane guda ɗaya. Rayuwarta duka shekara ɗaya ce, mataki biyar.

Mataki na ɗaya: Kurum. Wannan shi ne ƙwan. Girmansa kamar goruba, launinsa na busasshiyar laka, da farin zane ya kewaye shi kamar ɗamara, da 'yan ramuka biyu a gefe inda kunnuwa za su fito. Yana kwance cikin tsagar kududdufin da ya ƙafe tun daga ƙarshen hunturu har bazara ta ƙare. Ruwa ba ya fasa shi, sai tsawar farko ta shekara. In tsawa ta faɗi sai ya shanye ƙararta ya tsage, shi ya sa mutanen da ke kusa da kududdufin sukan ga walƙiya amma ba su ji tsawa ba. Kurum ba ya jin yunwa, ba ya kuma iya gudu. Abokan gabansa su ne masu haƙar ƙasa don yin tubali, gama sau da yawa sukan kwaɓa shi cikin laka ba su sani ba, ya ƙare a jikin bangon wani.

Mataki na biyu: Talikunne. Na samo sunan daga talibambam da kunne. Tsawonta kamar ɗan yatsa, ba ƙafa, ba ido, kunnuwan nan biyu su ne filafilanta na iyo, farin zanen kuma ya miƙe daga hanci zuwa wutsiya. Kukan kwaɗi take ci. In ka ga kududdufi cike da kwaɗi a watan Agusta, maƙogwaronsu yana kumbura amma ba ka jin komai, to Talikunne tana ciki. Ta sami motsi, ta rasa ɓawon da yake kāre ta. Shamuwa da balbela suna cin irinta da yawa, cikin goma da ƙyar ɗaya take tsira. Abin da ke fitar da ita daga ruwa yunwa ce, don in damina ta ja baya kwaɗi sun yi shiru, sai ta jiyo amon girbi daga tudu.

Mataki na uku: 'Yar-gamba. Yanzu ta yi ƙafa huɗu da ido biyu, ta rasa wutsiya da iyo, in ta faɗa ruwa nutsewa za ta yi. Tana farawa kamar bushiya, ta yi saɓa sau 5 har ta kai girman kyanwa, kunnuwanta kuwa kowane kamar faifai. Gidanta gambar iyakar gona. Lokacinta kaka, lokacin da ƙauye ya fi kowane lokaci amo: ga sussuka, ga lugude, ga kiɗan gangar noma, ga kukan jakai masu jigilar dami. Wannan shi ne matakin ƙuruciya da haɗama da ɓarna. Takan cinye carar zakara mutane su makara, takan cinye kiran da uwa take yi wa ɗanta har a yi ta nemansa. Amma tana da doka: ba ta taɓa kiran salla, da karatun allo, da kukan jariri. Tana kuma da lago, watau shiru. In gari ya yi shiru kwana uku, yunwa za ta kashe ta. Wanda ya tsinci saɓarta ya kara a kunne, zai ji guntayen maganganun da ta ci a makon nan.

A wannan mataki ne hanya take rabuwa biyu, kamar yadda fara ta koya mana. 'Yar-gambar da ta tashi a iyakar maƙwabta masu zaman lafiya, ta ƙoshi da gaisuwa da dariya da barkwanci, farin zanenta faɗi yake ƙarawa. Wadda kuwa ta tashi a iyakar da ake rigima a kanta, ta ƙoshi da zagi da rantsuwar ƙarya, zanenta sirancewa yake yi har ya koma kamar zare.

Mataki na huɗu: Ƙudunduna. In hunturu ya shigo, an kwashe amfanin gona, an yanke gamba don yin zana, 'Yar-gamba ba ta da sauran mafaka. Sai ta hau gawo, ta naɗe jikinta da kunnuwanta, ta rataye kamar gidan tsutsar tsamiya. Na zaɓi gawo ne don shi ne itacen da yake kaɗe ganye da damina, ya yi sabo da rani, sa'ad da kuka da wasu itatuwa suke tsirara. Wata 2 take yi a haka, ba ci ba motsi. Ta sami hutu, ta rasa duk wata dabarar kāre kai. Makiyayin da ya sassabe reshen don awakinsa ya gama da ita.

Mataki na biyar: Guɗa ko Hargowa. In sanyi ya fara sauka sai ta buɗe. Kunnuwan nan sun zama fukafukai, zanen yana kwance a kansu. Ta sami tashi sama, amma ta rasa ji, ta zama kurma, ba ta ƙara cin komai. Kwana 7 ya rage mata a duniya, aikinta kuma ɗaya ne, ta mayar wa mutane abin da ta ci. Kowane bugun fiffike amo ne yake fita, da muryar mai shi, yadda ya faɗa. Mai faffaɗan zane ita ce Guɗa, mai siririn zane ita ce Hargowa. Ran kwana na bakwai, in ta juye duk abin da ke cikinta, sai ta sauka a busasshen kududdufi, ta saka ƙwai cikin tsaga, ta mutu shiru kamar yadda ta fara.

GWAJI

Yaya mutum zai san dabbarsa ta yi? Hanya ɗaya ce: a saka ta cikin mutane a ga ko labari zai fito da kansa. Bari mu gwada.

Wani mutum ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu gona, aka raba, aka dasa gamba a tsakani. Kowace damina sai wan ya ɗan ci iyaka da kunya ɗaya. Da kaka ƙanen ya yi masa magana a gona, ba kowa sai su biyu. Wan ya zage shi tas, ya ce, "Na ci ɗin, baɗi ma zan ƙara. Wa ya ji? Wa zai shaide ka?" Da aka je gaban mai unguwa kuwa sai ya rantse bai taɓa ba, ƙanen ya koma gida da baƙin ciki. Ba su san akwai 'Yar-gamba a cikin gambar ba. Bayan wata uku, ran kasuwa, ana tsakiyar ciniki, sai ga Hargowa ta bi ta kan rumfuna tana kaɗa fiffike, muryar wan tana zubowa kalma bayan kalma, kowa yana ji, har mai unguwa. Magana zarar bunu ce.

Ga kuma ɗaya hanyar. Wata tsohuwa tana da 'ya ɗaya tilo, aka yi mata aure bayan kaka aka kai ta gari mai nisa. Gida ya yi wa tsohuwa faɗi, turmi ya yi shiru. Wata rana da almuru tana zaune ita kaɗai, sai Guɗa ta sauka a kan danga ta kaɗa fiffike, sai ga amon luguden 'yarta, da dariyarta, da yadda take cewa, "Inna, kawo in ƙarasa miki." Tsohuwa ta yi kuka, ta yi dariya, ta kwana da sanyin zuciya.

Ban sha wahalar neman labaran nan ba, ƙa'idodin dabbar ne suka haife su. Har yanzu ma da saura. Me zai faru da gidan da aka gina da tubalin da Kurum yake ciki, ran da tsawar farko ta faɗi? Wannan na bar wa mai karatu.

YADDA ZA KA FARA

Nemi tsohon littafin rubutu da fensir. In an tafi hutun damina, zaɓi abu ɗaya mai rai a garinku, ko talibambam, ko ɗango, ko tsutsar da ke kan ganyen wake, ka riƙa duba shi kowace rana kana rubuta kwanan wata da abin da ya sake. Kada ka raina wannan aiki. Wata mata mutuniyar Jamus, Maria Sibylla Merian, tana da shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki tana zana ta. A 1699 ta tafi Surinam a Kudancin Amurka, a 1705 ta buga littafin zanenta, inda takan jera ƙwai da tsutsa da gidan saƙa da mai fiffike a shafi ɗaya, tare da ganyen da suke ci. A zamanin nan mutane da yawa sun ɗauka daga ruɓaɓɓen abu ƙwari suke fitowa haka kawai, aikinta yana cikin abubuwan da suka gyara wannan fahimta.

Kai ma yi kamar yadda ta yi. Raba shafi gida biyar, kowane gida mataki ɗaya. A ƙarƙashin kowane rubuta amsar tambayoyi bakwai: Mene ne sunanta? Ina take zaune? Wane lokaci ne na shekara? Me take ci? Me ke cin ta? Me ta samu? Me ta rasa? Wanda bai iya zane ba ya siffanta da baki, tatsuniya dā ma da baki aka san ta. In ka gama, kada ka fara kai wa malamin Hausa. Tara ƙannenka da dare ka ba su. In sun yi barci, koma ka sāke. In kuwa sun tare ka da tambaya, suna cewa, "To, Yaya, in ta faɗa rijiya fa?" ka tabbata dabbarka ta tashi. Sa'an nan ka kai wa kakarka, gama kunne ya girmi kaka, tana iya tuna maka wata dabbar da ta ji tun tana yarinya wadda ba ta cikin kowane littafi. Rubuta ta nan take, don in tsofaffin nan suka tafi da ita, ba mai dawo mana da ita.

AMFANINSA

Wani uba zai ce, "Mun kai ku makaranta ku zama likitoci da malaman gona, kun koma ƙaga dodanni?" Ina ba Baba haƙuri, ina kuma roƙonsa ya duba abin da yaro zai sani kafin ya gama dabba ɗaya. Zai san rayuwar fara, da lokacin da ta fi sauƙin kashewa, watau tun tana ɗango ba ta yi fiffike ba. Zai san dalilin da ya sa manomi ba ya sare gawo a gonarsa, don ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne, ba ya kuma yi wa gero inuwa da damina. Zai san sunayen abubuwa da Hausa waɗanda 'yan birni suka fara mantawa. Zai koyi tsara magana ta yadda ƙarshenta ba zai ƙaryata farkonta ba. Duk waɗannan suna cikin jarrabawa, suna kuma cikin zaman duniya.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana, maza da mata, kowa ya dawo daga hutu da tasa dabbar. In kowane aji ya kawo biyar, kafin shekara ta zagayo mun tara abin da zai cika littafi, ƙannenmu su tashi da dabbobin da suka san kududdufinsu da gawonsu. Ina kuma roƙon iyayenmu mata, in yaro ya zo da tambayar sunan wani ƙwaro ko wata tsohuwar tatsuniya, a daure a ba shi amsa.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya ba mu damina mai albarka, amin.